Makin Shiga Sakandaren Tarayya: Wa Ke Cin Rangwamen da Ake Yi wa Arewa?

Akwai wani jadawali da ya ƙi mutuwa. Duk shekara, da zarar hukumar NECO ta saki sakamakon jarrabawar shiga makarantun sakandare na gwamnatin tarayya, sai ya sake ɓullowa a WhatsApp da Facebook kamar jiya aka buga shi, alhali na 2013 ne. A cikinsa an jera jihohi da mafi ƙarancin makin da yaro zai ci, cikin 200, kafin a ba shi gurbi. Anambra 139, Imo 138, Legas 133. Filato 97, Abuja 90, Kano 67. Can ƙasa kuma ga Zamfara, namiji 4 mace 2. Taraba, namiji 3. Yobe, namiji 2. Mutumin Kudu ya ɗora shi yana cewa a zo a ga zaluncin da ake yi wa 'ya'yansu. Namu kuma wasu su yi gum don kunya, wasu su hau dokin zuciya suna cewa ai ƙasar ta kowa ce. A ganina duka ɓangarorin biyu suna cacar baki ne a kan takardar da ba su tsaya sun karanta ba, kuma mazaunin Abuja ya fi kowa damar ganin inda gizo ke saƙa.

Maki 2 ɗin nan ba wani jami'i ne ya zauna a ofis ya yanke cewa ya ishi yaron Yobe ba. Lissafi ne ya haife shi. Ana ware wa kowace jiha kasonta na gurabe, sai a jera yaran jihar daga wanda ya fi kowa maki, a yi ta ɗauka ana gangarowa har kason ya cika. Makin yaron ƙarshe da ya samu shiga shi ne ake bugawa. A ce jiha tana da gurbi ɗari biyu kuma yara dubu biyar suka zauna, kasonta zai cika tun ana sama. Jihar da masu nema ba su ma kai yawan guraben ba kuwa, dole a kwashe kowa da kowa, har da wanda ya ci 2. Shi ya sa a 2018 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fito tana kokawa cewa yara 28 kacal suka yi rajista daga Zamfara, Kebbi 50, Taraba 95, yayin da Legas ke da sama da 24,000, Abuja kuma sama da 7,000. Wannan lissafin ya fi na 2013 ɗaga hankali, amma ba a cika yawo da shi ba. Abin da yake nunawa shi ne jarrabawar ta iyayen birni ce. Akwai ƙananan hukumomi da yawa da ɗan aji shida zai gama firamare bai taɓa jin sunanta ba.

Makarantun da ake wannan rububi a kansu su ne waɗanda ake kira na haɗin kan ƙasa. An buɗe uku na farko a 1966, a Sakkwato da Warri da Okposi, sannan bayan yaƙin basasa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta faɗaɗa su a 1973, da nufin ɗan Kano ya kwana a ɗaki ɗaya da ɗan Owerri tun suna yara, ko ƙiyayyar ta ragu. Yanzu sun haura 100. A nan Abuja akwai ta Kwali da ta Rubochi, ta mata a Bwari da Abaji, ta maza a Apo, da ta kimiyya da fasaha a Orozo. Ƙa'idar da ma'aikatar ke faɗa duk shekara ita ce kashi 60 cikin 100 na gurabe ga waɗanda suka fi cin maki ko daga ina suka fito, kashi 30 a raba wa jihohi daidai wa daida, kashi 10 kuma na uzuri. A jami'o'in tarayya rabon ya ɗan bambanta: 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Waɗannan jihohin 23 ne, wato duka 19 na Arewa, da Bayelsa, Ribas, Kuros Riba da Ebonyi. Masu zagin Arewa a kan wannan batu sukan manta da huɗun ƙarshen.

Tsarin mulkin 1999 kansa ya ba kowane ɓangare abin kamawa. Sashe na 14 ya ce a dama da kowane yanki a harkokin gwamnatin tarayya, sashe na 42 kuma ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda inda ya fito. Da na biyun lauya Olisa Agbakoba ya garzaya Babbar Kotun Tarayya a Legas bayan jadawalin 2013, kuma a 2014 kotun ta ba shi gaskiya. A aikace dai kason jihohi yana nan.

Ni ina cikin masu ganin akwai hujjar yin rangwame. An buɗe makarantar sakandare ta farko a Legas a 1859, Kwalejin Katsina kuwa sai a 1922. Tazarar sama da shekara 60 ba a cike ta da fatar baki, kuma ƙasar da duk likitocinta da alƙalanta da manyan sakatarorinta suka fito daga jihohi goma ba za ta zauna lafiya ba. Inda nake da ja shi ne abin da ake aunawa kafin a yi rangwamen. Ba a tambayar wace makaranta yaro ya yi, ko malamai nawa ne a cikinta, ko a kan benci ya zauna ko a ƙasa. Jihar mahaifinsa kawai ake tambaya, shaidar kuma takardar indijin ce daga ƙaramar hukuma.

Shiga wata makarantar kuɗi a Gwarinpa ko Wuse 2 a farkon shekara ka ga yadda abin yake. Mai makaranta ta tattara 'yan aji shida, har da ƙwararrun 'yan aji biyar, ta yi musu rajista a dunƙule. Ana tashi a ci gaba da lesin har la'asar, ranar Asabar ma a dawo, ana ta bitar tambayoyin shekarun baya har yara su haddace salon. Ga yara biyu a benci ɗaya, malaminsu ɗaya, motar makaranta ɗaya ke ɗaukar su, dukkansu a asibitin Abuja aka haife su. Uban ɗaya ɗan Anambra ne mai shagon kayan gini, uban ɗayan darakta ne a wata ma'aikata, asalinsa Zamfara. Daraktan ya yi waya gida, ƙaninsa ya je sakatariyar ƙaramar hukuma ya karɓo takarda, aka ba direban mota ya kawo tashar Jabi. Yaron da ƙila sau biyu ya taɓa taka garin kakansa, lokacin biki ko rasuwa, shi ne zai shiga layin Zamfara. Idan ya yi ƙoƙari ya shige ta ƙofar cancanta, madalla. Idan bai yi ba, gurbin jiharsa na jiran sa, don babu mai ja da shi. Yaron ƙauyen Tsafe ko Maradun, wanda saboda halin da yake ciki aka ƙirƙiro rangwamen, ba ya cikin ɗakin jarrabawar ma. Shi ake zagi da maki 4, wani ke shiga makarantar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba sai an je Zamfara ba. A Gwagwa da Karmo da Dei-Dei da Mpape akwai dubban 'ya'yan Hausawa, 'ya'yan mai shayi da mai tura kurar ruwa da ɗan acaba da maigadi, suna makarantun firamare na ƙananan hukumomi. A takarda suna da haƙƙin wannan kaso daidai da ɗan darakta. Amma rajistar ta intanet ake yi, sai an je kafe an biya, sai an kawo takardun da uban bai taɓa nema ba. Ko yaro ya ci, akwai kuɗin shiga. Ana cewa karatun kyauta ne, sai dai a 2023 an ɗaga abin da sabon ɗalibi zai biya na kwana da inifom da littattafai da sauransu daga naira 45,000 zuwa 100,000, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake 30,000. Ban ma sa katifa da bokiti da akwati da kayan garar da za a haɗa masa ba. Kason uzuri kuwa, na kashi 10, kowa a garin nan ya san waɗanda suka san hanyar ƙofarsa. Ban ce duka ba, akwai marayu da 'ya'yan ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki, amma mai shayin Karmo ba shi da wanda zai rubuta masa 'yar takarda.

Annobar korona ce ta tone wannan a fili. An samu mutum na farko mai cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020. Ranar 19 ga Maris gwamnatin tarayya ta ba da umarnin rufe makarantunta, jihohi ma suka rufe nasu, kuma daga daren 30 ga Maris aka sa dokar kulle a Abuja da Legas da Ogun. Makarantun tarayya ba su koma gaba ɗaya ba sai 12 ga Oktoba. Wata shida da ɗoriya ke nan. A gidajen masu hali karatu bai tsaya ba: darasi ta Zoom, aikin gida ta WhatsApp, malamin lesin na zuwa har falo da takunkumi a fuska. A gidan haya na Gwagwa kuwa waya mai intanet ɗaya ce, tana aljihun maigida, kuma shi da kansa neman abin sawa a tukunya yake yi. An ce a bi darasi ta rediyo da talabijin. Talabijin sai da wuta, rediyon kuma ba ka iya ɗaga hannu ka ce, “Malam, ban gane ba.” Yara maza da yawa aka tura su garejin kanikawa ko kasuwar katako, mata suka ɗauki farantin talla. Da aka buɗe makaranta ba duka suka dawo ba. Wannan rabuwar ba ta bi iyakar jiha ba. Ɗan mai facin taya ɗan Imo a Nyanya ya yi asarar da ɗan mai shayi ɗan Katsina ya yi, 'ya'yan manya daga jihohin biyu kuma suka wuce su tare.

Abin da gwamnati ta fi ba ƙarfi a lokacin shi ne ranar jarrabawa. WAEC da ya kamata a fara a Afrilu aka ɗage. A farkon Yuli ƙaramin ministan ilimi, Emeka Nwajiuba, ya sanar cewa za a fara 4 ga Agusta. Ba a yi kwana uku ba babban ministan, Malam Adamu Adamu, ya fito bayan taron majalisar zartarwa ya ce makarantun tarayya ba za su shiga ba, gara a yi asarar shekara da a jefa yara cikin haɗari. Jihohin Arewa suka mara masa baya, na Kudu maso Yamma suka ce su a shirye suke. Da a ce an tafi a haka, da ɗaliban Arewa ne za su rasa shekara guda, da hannun nasu. Kafin ƙarshen watan aka sasanta: 'yan ajin ƙarshe su koma 4 ga Agusta, a fara jarrabawa 17 ga wata. Wanda ya yi wata huɗu bai buɗe littafi ba da wanda bai fasa darasi ko na mako guda ba, aka ba su mako biyu su yi bita. Jarrabawar shiga sakandaren tarayya aka yi ta 17 ga Oktoba, NECO kuma ta ci karo da zanga-zangar EndSARS aka yi ta ɗage takardu. Waɗanda suka ci JAMB a Maris ɗin shekarar suka tarar da ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta shiga yajin aikin da ya kai wata tara.

Wasu ƙasashen sun bi wata hanya. Ingila ta soke jarrabawar gama sakandare a 2020, ta ce malamai su ƙiyasta makin kowane ɗalibi, sannan aka bi da wani lissafin kwamfuta da ya rage kusan kashi 40 cikin 100 na makin da malaman suka bayar. Da aka duba sai aka ga 'ya'yan makarantun talakawa abin ya fi shafa, aka yi ca, gwamnati ta janye. Ni ban ga laifin Najeriya ba da ta ƙi bin wannan hanya. A ce makin da malami ya rubuta shi ne zai kai yaro jami'a a ƙasar nan, da an ga ciniki. Jarrabawa, duk da aibinta, ita ce kaɗai wurin da ɗan talaka mai ƙwaƙwalwa yake iya kayar da ɗan minista ba tare da ya san kowa ba. Laifin shi ne da aka koma aji sai aka matse zanguna aka tura yara gaba kamar ba a yi komai ba. Ɗan aji uku da ya manta haɗa baƙi ya tsinci kansa a aji huɗu.

Sakamakon WAEC na shekarun nan abin a tsaya a duba ne. A 2019 kashi 64.18 cikin 100 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. A 2020, bayan dogon zaman gida, sai ya zama 65.24. A 2021 ya yi tsalle zuwa 81.7. Ko dai rufe makaranta ba ya rage ilimi, wanda babu malamin da zai yarda, ko kuma ma'aunin ne ke da matsala. Waɗanda annobar ta fi yi wa illa ba su kai ɗakin jarrabawa ba balle a ƙirga su, wannan ɗaya ke nan. Ga kuma cibiyoyin satar amsa da kowa ya san da su, waɗanda iyaye ke kwasar 'ya'yansu daga tsakiyar gari su kai su can bayan gari su yi rajista. A 2020 ɗin kanta WAEC ta riƙe sakamako sama da 200,000 saboda zargin maguɗi. Da hukumar ta sauya salo a 2025, ta hargitsa jerin tambayoyin wasu darussa yadda na kusa da kai ba irin takardarka yake riƙe da ita ba, sai ta sanar da kashi 38.32, bayan 'yan kwanaki ta ce an yi kuskure wajen maki, ta gyara zuwa 62.96. Mai son gina manufar adalci a kan irin waɗannan alƙaluma sai ya yi taka-tsantsan.

Wani abu da ya faru a watannin kullen ya nuna yadda tunanin asalin jiha ya yi mana katutu. Gwamnonin Arewa, ƙarƙashin shugabancin Simon Lalong na Filato, suka amince a mayar da almajirai jihohinsu. Aka yi ta lodin yara a motoci daga wannan jiha zuwa waccan, wasunsu aka gwada aka same su da cutar bayan sun isa. Ko a tsakiyar annoba, tambayar farko da hukuma ta yi wa yaro ita ce ɗan ina ne.

Ta fuskar JAMB ba zan ja dogon zance ba. Tun 2015 da kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, kuma hakan ya rage satar amsa ƙwarai, a faɗi gaskiya. Amma har yanzu akwai ɗalibin da ranar jarrabawa ce ranar farko da ya ɗora hannu a kan kwamfuta, agogo na tafiya yana neman inda zai danna. A 2025 fiye da miliyan 1.5 cikin kusan miliyan 2 ba su kai maki 200 cikin 400 ba, sannan shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito a hedikwatarsu da ke Bwari yana hawaye ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu. Kason kashi 20 na jami'a ma ciwonsa ɗaya da na sakandare: takardar indijin ake dubawa, don haka wanda ya gama makarantar miliyoyi a Maitama da wanda ya gama ta jeka-ka-dawo a Gumel layi ɗaya suke bi idan iyayensu 'yan Jigawa ne.

Gyaran da nake gani ba ya buƙatar a soke kason jihohi. A bar shi, amma a cikin kason kowace jiha a fara da yaron da ya yi karatu a makarantar gwamnati a cikin jihar. Hukumomin jarrabawa suna da sunan makarantar kowane ɗalibi da lambarta, ba sabon aiki ba ne. A birane kamar Abuja kuma a ware gurabe ga 'yan makarantun ƙananan hukumomi ko daga ina iyayensu suka fito, Bagwari ne ko Bahaushe ko Ibo. An yi makamancin haka a jihar Texas ta Amurka tun 1997, inda doka ta ba ɗaliban da suka zo cikin kashi 10 na sama a kowace sakandare damar shiga jami'o'in jihar kai tsaye, wato ana gwada yaro da waɗanda suka zauna aji ɗaya da shi. Na san abin da za a ce: masu hali za su riƙa kai sunan 'ya'yansu makarantar ƙauye a shekarar ƙarshe. Za su yi kuwa, tunda ga masu kai su cibiyar satar amsa. Maganinsa a nemi shaidar shekara uku a jere a makarantar, ba ɗaya ba. Kuma ko da wasu sun zille, sayen rajistar shekara uku ya fi karɓo takardar indijin wuya nesa ba kusa ba. Babbar matsalar ita ce waɗanda za su zauna su sa hannu a wannan canji, daga Arewa, yawancinsu 'ya'yansu ne ke cin moriyar tsarin yadda yake.

Sai kuma gwamnonin da ake yin rangwamen da sunan jihohinsu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga hukumar UBEC, jiha ta kawo nata rabin ta karɓi rabi, amma shekara da shekaru hukumar na kukan biliyoyin naira na zaune ba a zo an ɗauka ba. NECO ta sha riƙe sakamakon ɗaliban wasu jihohi saboda gwamnatocinsu sun yi alƙawarin biyan kuɗin jarrabawa ba su biya ba, yaro ya ci amma ba shi da takardar da zai nuna har lokacin neman gurbi ya wuce. Abuja ma ba ta tsira ba. A 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomi shida na babban birnin sun ajiye alli daga ƙarshen Maris har farkon Yuli, a kan mafi ƙarancin albashi na 70,000 da bashin da suke bi. Makarantun kuɗi ba su rufe ko na yini ɗaya ba. Jarrabawar shiga sakandaren tarayya ta shekarar an yi ta ne a watan Yuni, a tsakiyar yajin aikin. Ɗan makarantar gwamnati a Kuje ko Kwali da ya shiga ɗakin a ranar, rabonsa da malami tun Maris, kuma babu inda fom ɗin ya tambayi wannan.